Tambayoyi da Amsoshi kan Kalmomin Turanci na Faɗin Dalili, Asali da Bambanci

Duk mai rubutu da Turanci, ɗalibi ne a zauren jarrabawa, ɗan jarida ne, ko ma'aikacin lafiya mai haɗa rahoto, akwai tambayoyi uku da ba ya rabuwa da su: me ya jawo abu, daga ina ya samo asali, kuma me ya raba shi da waninsa. Turanci na da tarin kalmomi na wannan aiki, kuma kowace da irin nauyin da take ɗauka. Wata tana yanke hukunci, wata tana nuna zato ne kawai, wata kuma in aka sauya mata ƙaramar kalmar da ke biye da ita sai maganar ta juya baya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Me ya raba *because* da *because of*?

Abin da ke biyo bayansu. Mai Hausa yakan ce "saboda ruwa", yakan kuma ce "saboda an yi ruwa", kalma ɗaya ta ishe shi. Turanci ya raba aikin biyu. *Because* tana neman cikakkiyar magana mai ɗauke da mai aiki da aikatau: *The flight was delayed because it rained.* Ita kuwa *because of* suna kawai take ɗauka: *The flight was delayed because of the rain.* Don haka *because of it rained* kuskure ne. Masu jin tsoron wannan kuskure sukan fake da *because of the fact that*, wadda ba laifi ba ce a nahawu, sai dai kalmomi biyar ne a gurbin da ɗaya ta wadatar.

An ce ba a fara jimla da *because*. Gaskiya ne?

A'a. *Because the bridge was closed, we turned back* jimla ce lafiyayya. Abin da malamai ke gudu shi ne yaro ya rubuta *Because the bridge was closed* ya ɗiga aya ya wuce, ya bar magana a rataye.

To *due to*, *owing to* da *thanks to* fa?

*Due to* ta daɗe tana jawo musu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce *due* sifa ce, dole ta jingina da wani suna, galibi bayan *is* ko *was*: *The delay was due to fog.* A wannan ƙa'ida, *The plane was late due to fog* ba daidai ba ce, sai dai a ce *owing to fog* ko *because of fog*. H. W. Fowler, wanda littafinsa na 1926 kan amfani da Turanci ya zama abin komawa na shekaru masu yawa, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka. Yau jaridu da rahotannin hukuma suna amfani da ita ta hanyoyin biyu, kuma yawancin masu karatu ba sa ko lura. Duk da haka akwai gwaji mai sauƙi ga wanda ke rubuta wa mai tsanani: cire *due to* ka sa *caused by*. In jimlar ta zauna, ba mai kama ka da laifi. In ta yi banbaraƙwai, koma wa *because of*.

*Thanks to* ta fi dacewa da abin alheri, domin godiya ce a cikinta: *Smallpox was eradicated thanks to vaccination*, wato rigakafi ne ya kawar da cutar agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta ƙarewarta a 1980. In ka haɗa ta da mutuwa ko asara, mai karatu zai ɗauka gatse kake yi.

Shin *since* da *as* suna iya maye gurbin *because*?

Suna iyawa, musamman idan dalilin sananne ne ga mai sauraro, kamar yadda muke cewa "tun da ka zo, sai mu fara". Haɗarin shi ne duka biyun suna kuma nuna lokaci. *Since he left, the office has been quiet* na iya nufin tun daga ranar da ya tafi, tana kuma iya nufin saboda ya tafi. Inda dalilin shi ne zuciyar maganar, *because* ba ta da harshen damo.

Ba ma'ana ɗaya *cause* da *reason* suke da ita ba?

Suna kusa, amma ba su haɗu ba. *Cause* shi ne sanadi, abin da ya sa wani abu ya auku ko da babu mai niyya a ciki: wayar lantarki da ta tsinke, ƙwayar cuta, girgizar ƙasa. *Reason* ya fi karkata ga hujja ko manufa, abin da mai hankali zai faɗa in an tambaye shi don me. Shi ya sa ake binciken *the cause of the fire*, ake kuma tambayar *the reason for her resignation*. A kula da 'yan rakiyarsu: *cause of*, *reason for*. Musanya su yana cikin kurakuran da aka fi gani a takardun jarrabawa.

Akwai wani abu game da aikatau *cause* da ƙamus ba ya yawan faɗa. Masanin harshe Michael Stubbs ya bi ta cikin ɗimbin rubuce-rubucen Turanci, ya kuma nuna a 1995 cewa mafi yawan kalmomin da ke biyo bayanta na sharri ne: *damage*, *problems*, *pain*, *death*, *trouble*. Kenan tana da ɗabi'a irin ta "haddasa" a wajenmu. Ba a haddasa zaman lafiya. To haka *The new policy caused peace* ke yi wa Bature a kunne. Ga abin alheri a ɗauki *bring about*, *lead to* ko *produce*.

Sai kuma siga: *cause him to fall*, amma *make him fall*, babu *to*. Ita kuwa *the reason is because* ana jin ta a baki kullum, amma a rubutu *the reason is that* ta fi tsabta, tun da *reason* ta riga ta faɗi abin da *because* za ta maimaita.

Kullum ina rikita *result in* da *result from*.

Wannan ya cancanci a tsaya masa, domin a nan ne ƙaramar kalma ke kifar da magana gaba ɗaya. *Result in* tana tafiya daga sanadi zuwa sakamako. *Result from* tana dawowa daga sakamako zuwa sanadi.

Ɗauki sauyin yanayi a shekara. Mutane da yawa suna zaton kusantar rana da nisantarta ne ke kawo zafi da sanyi, alhali duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, lokacin da arewacinta ke tsakiyar hunturu. Sanadin gaskiya shi ne karkatar da duniya ta yi da kusan digiri 23.4. Za ka iya rubuta *The tilt of the Earth results in the seasons*, ko *The seasons result from the tilt of the Earth*. Magana ɗaya ce. Amma in ka ce *The seasons result in the tilt*, ka ce yanayi ne ya karkatar da duniya, kuma babu malamin da zai ɗauke shi a matsayin tuntuɓen alƙalami.

*Lead to* da *give rise to* suna bin hanyar *result in*. *Stem from* da *arise from* suna bin ta *result from*.

Yaushe ake cewa *trigger*, yaushe ake cewa *cause*?

*Trigger* asalinta kunamar bindiga ce. Tana nufin abu na ƙarshe da ya tayar da al'amarin da dama ya riga ya nuna. Misalin da malaman tarihi suka fi bayarwa shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 28 ga Yuni, 1914, Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon daular Ostiriya da Hangari, Franz Ferdinand, a Sarayevo. Bayan wata guda cif daular ta shelanta yaƙi a kan Sabiya, kuma kafin 4 ga Agusta ta wuce, Rasha, Jamus, Faransa da Birtaniya duk sun shiga. Ruwa ba ya tsami banza: harbin mutum ɗaya ba zai jefa nahiya guda cikin yaƙi ba in ba don ƙawancen soja da manyan ƙasashe suka ƙulla ba, da gasar tara makamai, da rikicin kishin ƙasa a yankin Balkan. Saboda haka amsa mai kyau za ta ce kisan *triggered* ko *sparked* yaƙin, sauran kuma su ne *underlying causes* ko *root causes*. Ɗalibin da ya rubuta cewa kisan *caused the war* ya tsaya nan, ya nuna bai gane tarihin ba, ko da Turancinsa ba shi da aibu.

Idan abu ɗaya ne cikin sanadai da yawa, *contribute to* ce kalmarsa, ko a kira shi *a factor*. A tuna cewa *to* ɗin nan suna take ɗauka ko aikatau mai *-ing*: *contributed to ending the war*, ba *contributed to end* ba.

Me ya sa rahotannin kimiyya ke cewa *linked to* ko *associated with*? Ba kwana-kwana ba ne?

Ba kwana-kwana ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so mai karatu ya riƙe. Abubuwa biyu na iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifar da ɗayan ba. Wataƙila wani abu na uku ne ke jan su duka, wataƙila ma dace ne. *Associated with*, *linked to* da *correlated with* suna cewa an ga abubuwan tare. *Causes* tana cewa an tabbatar ɗaya ne ke jawo ɗayan. Tsakaninsu akwai aikin shekaru.

Tarihin taba sigari ya nuna hakan a fili. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fitar da binciken da suka yi a kan marasa lafiya a asibitocin Landan, inda suka ga masu kansar huhu kusan duk mashaya sigari ne. Kalmar da suka zaɓa ita ce *factor*, suka kuma ƙarfafa ta da *important*. Bincike ya yi ta taruwa, ciki har da wanda su biyun suka fara a 1951 suna bin lafiyar likitocin Birtaniya. A 1964 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fito da *causally related* a kan sigari da kansar huhu ga maza. Kalmar ta yi nauyi ne saboda hujjar da ta taru a bayanta.

Abin da ke damuna shi ne kanun labarai. Bincike zai ce *is associated with*, kanun ya ce *causes*, mai fassara ya ce "yana haddasa", kafin a ankara mutane sun bar wani abu ko sun rungumi wani bisa hukuncin da masu binciken ba su yanke ba. Mai rubutu ko fassara ya riƙe matakin da ya tarar. In an ce *may cause*, kada *may* ta faɗi a hanya. In an ce *is attributed to*, ana danganta abin ne da wani sanadi, marubucin bai rantse a kai ba.

A harkar lafiya akwai kuma bambancin *caused by* da *transmitted by*. Zazzaɓin cizon sauro ƙwayar Plasmodium ce ke haddasa shi, wadda Alphonse Laveran ya gani a jinin mara lafiya a Aljeriya a 1880. Macen sauro nau'in Anopheles kuma ita ke yaɗa ta, kamar yadda aikin Ronald Ross a Indiya ya fara nunawa a 1897. Don haka *caused by a parasite, transmitted by mosquitoes*. Sunan cutar ma a Turanci tsohon kuskure ne game da sanadi: *malaria* daga Italiyanci take, ma'anarta mugunyar iska, domin an daɗe ana zargin iskar fadama.

*Affect* ko *effect*?

Galibi *affect* aikatau ce, shafar abu: *Drought affects harvests.* *Effect* suna ce, tasiri: *the effect of drought on harvests*. Akwai *effect* aikatau mai nufin tabbatar da abu, kamar *to effect change*, amma ba a cika buƙatarta ba.

Wace kalma ce ta dace da faɗin asalin abu?

Ya danganta da irin abin. *Come from* ta kowa ce, ba ta kuma taɓa zama kuskure. Sai dai a lura: *I come from Egypt* na nufin ni mutumin Masar ne, *I am coming from Egypt* kuma daga can nake tafe yanzu.

*Originate in* tana bin wuri ko zamani: *Paper originated in China*, inda tarihin ƙasar Sin ke danganta kyautata yin takarda ga Cai Lun a shekara ta 105. In mutum ne mafarin, sai *originate with*. *Derive from* ta fi zama da kalmomi da sinadarai. *Algebra derives from the Arabic al-jabr*, kalmar da ke cikin sunan littafin lissafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. Sunan malamin kansa shi ne ya rikiɗa ya zama *algorithm*. Gine-gine da al'amuran tarihi suna ɗaukar *date from* ko *date back to*: babban dalar Giza *dates from the 26th century BC*. Ba a cewa *is dated back to*. Mutane da dabbobi kuma *descended from* wasu suke.

Koguna suna da tasu kalmar da ke ba mai koyo mamaki: *rise*. *The Blue Nile rises in Ethiopia*, wato daga Habasha yake ɓuɓɓugowa, ya fita daga tafkin Tana, ya haɗu da ɗan'uwansa *White Nile* a Khartum. Ba tashin ruwa ake nufi ba.

*Invent* da *discover* fa?

Ana *discover* abin da dama yana nan ba a sani ba, kamar yadda Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Ana *invent* abin da babu shi sai da aka ƙirƙira, kamar tarho ko injin buga littattafai. In an sa wa abu sunan wani, a Birtaniya *named after* ake cewa, a Amurka ana jin *named for* ma. Nahiyar Amurka ita kanta sunan Amerigo Vespucci ta ci, a wata taswira ta 1507.

*Made of* ko *made from*?

In har ana ganin abin da aka yi amfani da shi yadda yake, *made of*: tebur *is made of wood*. In ya sauya kama har ba a gane shi, *made from*: takarda *is made from wood*, gilashi *is made from sand*.

Wanne ne daidai: *different from*, *different to* ko *different than*?

*Different from* karɓaɓɓiya ce a ko'ina, ita ya kamata a riƙe a jarrabawa da rubutun aiki. *Different to* ta Birtaniya ce, *different than* kuma a Amurka ta fi yawa, musamman idan cikakkiyar magana ce ke biye. Wadda babu ita sam ita ce *different with*, kuma ita ce ke saurin zuwa wa mai Hausa, saboda muna cewa abu ya bambanta "da" wani.

Aikatau ɗin kuwa kala uku ne. Ƙwayar *virus* *differs from* bakteriya, wato ba iri ɗaya ba ne. Su biyun *differ in* girma da yadda suke hayayyafa, nan an faɗi ta inda suka bambanta, wanda shi ya sa maganin kashe bakteriya ba ya taɓa mura. *Differ with* kuma saɓanin ra'ayi ne tsakanin mutane.

An koya mini *between* ta abu biyu ce, *among* ta fiye da biyu.

Rabin gaskiya ce. *Between* tana aiki da kowane adadi muddin ana kallon kowanne a kan kansa: *the differences between Arabic, French and Swahili*. *Among* ta taro ce da ba a ware ɗaiɗaikunsa ba: *among the students*. Abokiyar *between* kuma *and* ce: *between 1914 and 1918*, ba *to* ba.

Yaya ake jera abu biyu masu saɓani a jimla ɗaya?

*Whereas* ce mafi tsabta: *Weather changes from day to day, whereas climate is measured over decades*, domin masana yanayi kan ɗauki matsakaicin shekara 30 kafin su yi maganar *climate*. *While* ma tana yi, sai dai tana da ma'anar lokaci. *Unlike* suna take ɗauka, kuma dole abubuwan da aka gwama su zama jinsi ɗaya. *Unlike Mars, the atmosphere of Venus is thick* ta gwama duniya guda da iskar wata duniyar. Gyaran shi ne *Unlike Mars, Venus has a thick atmosphere.*

Inda aka fi zamewa shi ne *on the contrary*. Wannan ƙaryata magana take yi: *The desert is not empty; on the contrary, it is full of life.* In ba ƙaryatawa kake ba, kana kawo ɗaya ɓangaren ne kawai, *on the other hand* ko *by contrast* kake nema.

Me ya sa ake jan mini layi a ƙarƙashin *although … but*?

Saboda a Hausa "ko da yake ya gaji, amma ya ƙarasa aikin" magana ce daidai, sai hannu ya ɗauko ta haka. Turanci ɗaya yake so: ko *Although he was tired, he finished*, ko *He was tired, but he finished*. Haka ma *because* da *so* ba sa zama a jimla ɗaya suna aiki guda. *Therefore*, *consequently* da *however* kuma waƙafi kaɗai ba ya iya riƙe su tsakanin jimloli biyu. A sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin su.

*Compare to* ko *compare with*, kuma yaya ake faɗin bambanci da lambobi?

A tsohuwar al'ada *compare to* kamantawa ce, a ce wannan kamar wancan yake, *compare with* kuma ajiye abu biyu ne a auna kamanninsu da bambancinsu. Yau an fi sakin layin, amma a rahoto mai lambobi *compared with* ba ta da abin zargi.

Lambobin su ne ke buƙatar ido. *Rose by 20* ƙari ne na ashirin, *rose to 20* kuwa an kai ashirin ne. *Twice as large as* ake cewa, kuma *more* ba ta hawa kan *better* ko *larger*. Wanda ya fi ɓatar da mutane shi ne *per cent* da *percentage points*. A ce wani adadi ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa kashi 15. Tazarar *five percentage points* ce, amma ƙaruwar *fifty per cent* ce, tun da biyar rabin goma ce. Wanda ya rubuta *rose by five per cent* ya ce adadin ya koma 10.5 kenan, ba 15 ba.